Farasan, da ɗakin da ya jira ni shekara huɗu

Daren Juma'a ne, bayan isha'i, ina tsaye a kicin ina kankare tukunyar tuwo, sai Malam ya leƙo da waya a hannunsa ya ce, "Uwargida, in na ce miki gobe da asuba mu tsallaka Farasan, me za ki ce?" Wani abokin aikinsa ne ya roƙe shi su yi musayar aikin kwana, sai ga Juma'a da Asabar sun faɗo masa a sarari. Ya duba tikitin jirgin ruwan safe, ya tarar wurin motoci ya cika amma akwai sauran kujeru na masu tafiya a ƙafa. Na tsaya da soso a hannu ina lissafin wankin da na jiƙa da naman da na fitar daga firiza. Ban gama lissafin ba na ji bakina ya ce to.

Shekararmu huɗu a Jazan, a ƙasar Saudiyya. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san Farasan tsibiri ce da ke can cikin Bahar Maliya, tafiyar kilomita arba'in da wani abu daga bakin ruwa, kuma jirgin da ke kai mutane kyauta ne, gwamnati ke ɗaukar nauyinsa. Amma ba mu taɓa zuwa ba. Kullum maganar ita ce sai an samu sarari, sai an sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, sai an zuba rufin kankare a ginin da muke yi a Kano. Zamanmu a nan duka haka muka ɗauke shi, kamar mutumin da ya ɗosana a gefen benci a tasha, jakarsa a kan cinya, kunnensa na wajen kwandasta. Kwantiragin Malam shekara-shekara ne, kuɗin hayar gidanmu ma shekara-shekara, saboda haka duk abin da ya wuce ci da sha da makarantar yarinya, gida muke turawa.

Na soya naman a daren, na dafa ƙwai, na cika filas biyu da shayi. 'Yarmu, wadda muke kira Ummi saboda sunan mahaifiyar Malam gare ta, tana barci muka ɗauke ta muka sa a mota. Mun bar motar a kusa da tashar jiragen ruwa. Aka duba iƙamarmu, aka bincike jakunkuna, mata ta ƙofarsu maza ta tasu, muka shiga. Ni da na yi tsammanin wani abu mai kama da kwalekwale, sai na ga jirgi mai hawa biyu, motoci a ƙasa, mutane a sama, kujeru a jere kamar na jirgin sama, ga sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, har sai da na lulluɓe Ummi da mayafina. Awa ɗaya da 'yan mintoci muka yi a kan ruwa. Wata tsohuwa 'yar tsibirin da ke kusa da ni ta ga ina riƙe da hannun kujera, ta miƙo mini ɓawon lemo ta ce in riƙa shaƙa. Ya yi mini amfani.

Zan faɗi gaskiya, da muka sauka zuciyata ta ɗan yi sanyi. A raina tsibiri wuri ne mai duhuwar itatuwa. Farasan kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, fara fat, ƙasarta dutsen murjani ne da ya bushe, sai ƙaya jefi-jefi. Mun sami wani dattijo mai tsohuwar mota da ya yarda ya zaga da mu kwana biyun. Malam na kiransa "Ammi", wato baffana, shi kuma da ya ji daga inda muka fito sai ya koma kiran Malam "Hausawi" yana dariya, ya ce ya yi aikin soja tare da Hausawan Makka a ƙuruciyarsa. Ya kai mu wani ƙaramin masauki muka ajiye kaya, suka tafi masallacin Juma'a, ni da Ummi muka kwanta.

Bayan sun dawo dattijon ya ce kafin ruwa sai mun ga gidan Rifa'i. Ban so ba, don yarinya ta ƙagu ta ga teku, amma na yi shiru. Gidan wani attajirin lu'ulu'u ne, Ahmad Munawwar al-Rifa'i, an gina shi a shekarar 1341 ta Hijira, wato wajen 1922. A wancan zamani arzikin tsibirin daga ƙarƙashin ruwa yake fitowa. Maza su yi watanni a teku suna nutso suna ɗebo kawa, attajirai su kai lu'ulu'un har Indiya su sayar, su dawo da kuɗi da kuma abin da idonsu ya gano a can. Daga baya Japan ta fara noman lu'ulu'u a gona ta ruwa, kasuwar ta faɗi. Gidan dai yana nan.

Da dutsen murjanin tsibirin aka yi ginin, aka shafe shi da jibs, wata irin farar ƙasa ta shafen bango, sannan aka bi jibs ɗin da sassaƙa tun daga ƙasa har sama. Babu tafin hannu ɗaya na bangon gaban da aka bari haka nan. Furanni, taurari, igiyoyi masu shiga cikin juna, rubutun Larabci a zagaye, baka a kan baka. A ciki rufin katako ne mai fenti, ga ƙananan tagogi masu gilashi ja da kore da shuɗi suna zubo haske kala-kala a kan daɓe. Ummi ta dinga sa ƙafarta a cikin jan hasken tana cirewa. Ni kuwa abin da ya zo mini shi ne soron kakana a cikin birni, da zanen dagi da ke saman ƙofarsa, wanda ake sabunta shi duk bayan damina. Na tuna ranar da aka kai mu Gidan Makama muna 'yan firamare. Hannun da ya yi wannan da hannun maginanmu ba su taɓa gaisawa ba, amma tunaninsu ɗaya ne: bango ba ya cika bango sai an yi masa ado. Daga nan dattijon ya biya da mu Masallacin Najdi, wanda shi ma wani attajirin lu'ulu'un ne ya gina 'yan shekaru bayan gidan Rifa'i, cikin ƙubbobinsa duk zane ne.

Sai teku. A bakin ruwan Janaba muka shimfiɗa tabarma. Ruwan Jazan da na saba gani daga titin bakin teku ruwan toka ne, amma na nan wani launi gare shi tsakanin kore da shuɗi, garau, kana tsaye ruwa ya kai maka gwiwa kana ƙirga yatsun ƙafarka. Can nesa kuma sai ya rine ya koma shuɗi mai duhu irin na baba, sak zanen da ya sha karofi sau da yawa. Na shiga da abayata har ƙugu. Rabona da in shiga ruwan da ba na famfo ba tun ina budurwa, a Tiga. Mun ga kwasakwasa guda uku suna shawagi a kan ruwa ba ruwansu da mu. Ummi ta cika gaban rigarta da ɓawon dodon koɗi da guntayen murjani, ta ce na ɗakinta ne. Babanta ya tsuguna ya ce, "Mamana, nan wuri ne da aka killace, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake karewa a 2021. In kowa ya zo ya ɗiba, me za ki tarar in kin dawo?" Ta yi kuka kaɗan. Muka jera su a kan yashi, na ɗauki hotonsu, muka bar su a nan.

Da daddare mun ci gasasshen kifi da shinkafa a wata rumfa kusa da kasuwa. Dattijon ya ce da a watan Afrilu muka zo da mun ga bikin Harid, ranar da wani kifi mai launin aku ke tururuwa zuwa wani lungun ruwa mara zurfi, mutanen gari su afka su kama shi. Barewar tsibirin ma ba mu gan ta ba, ya ce sai mai sammako da haƙuri.

Washegari da safe ya kai mu Ƙassar, kuma saboda ita nake wannan rubutu. Ƙauye ne tsoho, 'yan kilomitoci daga garin, gidajen dutse ɗaruruwa a cikin dabinai, lunguna ƙanana, rijiyoyin ruwan daɗi. Yanzu babu mai kwana a ciki, an gyara wani sashe don baƙi. Ina tafe ina leƙa ɗakunan, sai na tambayi dattijon me ya kori mutanen. Ya ce ai dama ba mazaunin dindindin ba ne. Mutanen Farasan kan taso nan ne in zafi ya shigo, bayan Harid, su zauna 'yan watanni har a gama cin ɗanyen dabino, sannan su kulle su koma gari. Ya ce yana yaro an sha kawo shi a kan jaki.

Na sake duba ɗakin da nake tsaye a ciki. An fafe bango an yi gurabun ajiye fitila da kwanuka. Ga gadon igiya irin wanda suke kira ƙa'ada, mai dogayen ƙafafu. Ga wurin rataye tabarma. Gidan 'yan watanni a shekara, amma wanda ya gina shi ya zauna ya auna inda matarsa za ta ɗora fitila. Sai na tuna matan Fulani da ke sauka bayan gonar kawuna da kaka. Sun san sati nawa za su yi, amma ranar da suka sauka ranar mace za ta kafa gadonta ta jera ƙoranta, manya a ƙasa ƙanana a sama, farare tas. Ban ce wa kowa komai ba. Na zauna a bakin ƙofar har Malam ya zo nemana.

Da jirgin yamma muka dawo. Muna isa gida na buɗe ƙofar uwar ɗakina na kunna fitila, na tsaya a bakin ƙofar kamar baƙuwa. Doguwar farar fitila irin ta asibiti. Labule ruwan ƙasa mai kauri wanda mutanen da suka tashi kafin mu suka bari, ban taɓa ma tambayar kaina ko ina son sa ba. Bangon da ke ƙarƙashin mukayyif ya yi tabo saboda ɗigar ruwa. A saman kabad kwalaye biyar da akwatuna biyu, wasu tun ranar da muka tare ba a kwance igiyarsu ba. Bango huɗu, babu ko kalanda. Ni da aka yi wa jere a Kano har mata na shigowa kallo, ni da Innata ta yi shekaru tana adashi saboda kayan ɗakina. A ɗakin nan na yi jegon cikin da ya zube, a nan na yi azumi huɗu, a nan nake kai goshina ƙasa kullum, amma na bar shi kamar ɗakin da zan kwana ɗaya in wuce.

Akwai wata Hajiya a hawa na ƙasa da mu, Bahaushiya ce haifaffiyar Makka, aikin ɗanta ne ya kawo ta Jazan. Hausarta da Larabci a cakuɗe take, amma in ta yi karin magana sai ka rantse daga Katsina ta zo jiya. Na sauka wurinta da safe na ba ta labari. Ta ce, "'Yar nan, kakana a ƙasa ya taho, ta Sudan, ya yi shekaru yana noman auduga kafin ya tara kuɗin jirgin Sawakin. Hajji ya zo yi ya koma. Ga ni nan jikarsa, ina da jikoki." Ta ce ba tana nufin mu ma ba za mu koma ba, Allah ya mai da mu lafiya. Sai ta miƙe ta ɗauko ma'aunin tela ta ce mu hau ta ga ɗakin.

Malam bai hana ba, amma ya yi lissafinsa a fili, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce duk riyal ɗin da aka kashe a bangon wani, buhun siminti ne ya ragu a namu. Na ce haka ne. Na ce kuma yarinyar nan shekararta biyar, huɗu daga ciki a gidan nan ta yi su, in ta girma aka ce ta tuna ɗakin uwarta, wannan za ta tuna, ba wanda ke kan takardar magini ba. Ya yi shiru, sannan ya ce kada ya wuce riyal 600. Muka tsaya a haka.

Abu na farko shi ne izini. Kwantiragin hayarmu na Ejar, wato tsarin rajistar haya na gwamnati, ya ce mu mai da gida yadda muka same shi, don haka na sa Malam ya rubuta wa mai gidan ta WhatsApp, ba ta bakin maigadi ba, saboda amsar ta zauna a rubuce. Ya ce fenti mai haske babu laifi, ƙananan ƙusoshi ma babu laifi in za mu toshe ramukan ranar tashi, amma kada a huda tayil. Kafin fenti sai da muka kira mai gyara ya daidaita zaman mukayyif ɗin, ashe ya karkato ciki ne shi ya sa ruwan ke bin bango maimakon ya zuba waje. In ba a yi wannan ba, sabon fentin ma tabo zai yi. Mu biyu muka yi shafen a daren Alhamis, ruwan madara, irin wanda ake sirkawa da ruwa don ba ya da wari sosai. Jazan gari ne mai laima, ko da sanyi iska a jiƙe take, saboda haka shafen farko bai bushe da wuri kamar yadda aka rubuta a jikin bokitin ba. Mun kwana biyu a falo.

Abin da ya fi komai sauya ɗakin kuwa shi ne mafi araha. Na daina kunna doguwar fitilar nan, na sayo ƙwai biyu masu haske ruwan zuma da 'yar fitilar gefen gado a shagon abu-hamsa mai sayar da kayan araha. Daren farko da na kunna su, fuskar Ummi ma sai ta sauya mini. Tsohon labulen na wanke na ninke na sa a leda, don na mai gida ne. Na sayi yadi fari mara nauyi a tsohuwar kasuwar cikin gari, Hajiya ta ɗinka mini da kekenta, muka bar wani mai kauri a bayansa saboda ranar azahar.

Sannan kwalayen. Wannan ya ɗauke ni kwana uku, ba don yawansu ba. Kowanne na buɗe sai na zauna. Akwai kwanukan tangaran shida da gwaggona ta ba ni, a naɗe cikin jaridar da ta yi ja. Akwai kaskon turaren wuta. A ƙasan akwati na biyu na sami zanen da Inna ta saya a marinar Ƙofar Mata ta cusa mini ana gobe za mu taso, shuɗi mai duhu da fararen zobba na ɗauri, har yanzu da ɗan warin baba a jikinsa. Da na warware shi a kan gado, launin can nesa na ruwan Janaba ne ya dawo mini. Nan take na san inda zai zauna.

Na fara rataye shi a saman gado da ƙugiyoyin nan masu gam a baya, don gudun ƙusa. Kwana huɗu suka yi. Cikin dare muka ji abu ya faɗo mana a ka, laima ta saki gam ɗin, har ya ɓantaro sabon fentin a wuri biyu. Na ji zafin abin sosai, don na ɗauka na gama. Da safe Malam ya samo sandar labule siririya, ya buga ƙusa biyu ƙanana, muka zura zanen. Duk mai zama a garin da ke bakin teku, kada ya dogara da gam ga abu mai nauyi.

Ranar wata Talata Hajiya ta sa ɗanta ya kai mu kasuwar Sabya, wadda ke ci mako-mako. A can na ga abin da ban zata ba: goriba na tsirowa a ƙasar Jazan, kuma matansu na saƙa da kabarta kamar namu. Na tsaya gaban wata mai faya-fayai ina juya su a hannu, ɗinkin bai bambanta da na kasuwar Kurmi ba sai a launi. Na sayi uku da tabarma ɗaya. Tabarmar tana gefen gado inda nake salla, faya-fayan suna bangon da ke kallon ƙofa. Hoton ɓawon dodon koɗin Ummi da na ƙofar gidan Rifa'i na kai an wanke mini, na sa su a firam. Na farkon ita ta zaɓi inda za a kafa shi, ƙasa-ƙasa, daidai tsayinta. Kwanukan gwaggo na jera su a saman kabad inda kwalaye suke a da. Ran Juma'a kuma nakan sayi damin furen ful, wani farin fure mai ƙamshi, a wurin masu sayarwa a bakin titi, wanda matan Jazan ke saƙawa a ka ranar biki, in zuba a ɗaya daga cikin kwanukan. Zuwa dare ɗakin ya ɗauka.

Kuɗin bai kai abin da muka yanke ba, ragowar ya bi sahun na siminti. Akwatuna biyun suna nan, na tura su ƙarƙashin gado.

Jiya na kira Inna ta bidiyo, ina zaune a bakin gado ban ce mata komai ba. Muna cikin gaisawa sai ta tsaya, ta matso da fuskarta jikin wayar. "Ke, wancan ba zanen da na sa miki a akwati ba ne?" Na ce, "Shi ne, Inna." Ta ce in tashi in zaga da ita. Na nuna mata labulen, da faya-fayan, da kwanukan gwaggo, tana ta cewa "Masha Allah" a hankali. Da na dawo kan zanen ta ce in kai wayar kusa da gefensa. Ta duba ta duba, sannan ta ce bakin yana zarewa, in sauke shi in kai wa Hajiyar nan mai keke ta kalmashe mini kafin ya yi nisa.